Bijimin Watanda

Muna tsakiyar tsallake wani rafi da ya ƙafe, Tahir yana gaba da igiyar wuyan bijimin, ni ina baya da igiyar ƙafa, sai muka ji ihu daga cikin wata gonar dawa.

"Ga su nan! Ga ɓarayin nan!"

Na waiga ina neman ɓarayin. Allah ne shaidata, ban kawo da mu ake ba. Sai da na ga mutane suna ɓullowa daga cikin karan dawa, wani da gora, wani da lauje, wani da barandami, kuma duk idonsu a kanmu, sannan na gane mu ake nufi.

"Levi, kada ka gudu," in ji Tahir, bai ko ɗaga murya ba. "Wanda ya gudu shi ne ɓarawo. Riƙe igiyarka."

Tahir maƙwabcina ne. Shekara ashirin da biyu danga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ni manomi ne, shi mahauci ɗan mahauci. Ran Lahadi ina tafiya coci, ran Juma'a yana hawa keke zuwa masallaci, wannan bai taɓa hana matata Dorathy miƙa wa matarsa Maijidda daddawa ta saman danga ba. Da, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko shanu da ita daga kara, kasuwar dabbobi. Duk ranar kasuwarmu sai ya kayar da sa guda, kafin azahar teburinsa ya koma ƙashi da ƙuda. Bara injin motar ya buga. Ya je Kano neman wani, ya dawo yana dariyar da ba ta daɗi ba.

"Kuɗin da na sayi motar gaba ɗayanta," ya ce mini, "yau ko tayoyinta huɗu ba zai saya ba. Na tambayi kuɗin wata tsohuwa irin tawa, yaron da ke sayarwa ya ce miliyan tara. Na ce masa, ɗana, mota nake tambaya, ba gidan mai ba."

Daga nan ya koma hayar mota. Da fetur ya sake tashi, ya sauka daga sa zuwa akuya. Daga akuya ya koma sayo kai da ƙafa a wurin mahautan Shanono yana kasawa. A gidana mun yi wata huɗu miyarmu ba ta ga nama ba, kuma ba mu kaɗai ba ne.

Tahir ne ya kawo shawarar watanda da aka fara yankan gero. Gida arba'in da biyu, na coci da na masallaci, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a sayi sa guda a raba. Aka ce in raka shi kara, don ido biyu ya fi ɗaya. Muka yi sammako. Ya zaga ya zaga, yana taɓa tozo, yana buɗa baki, har ya tsaya a kan wani farin bijimi mai baƙin kunne. Ciniki ya kai mu hantsi. Da aka sallama, ya karɓi takardar shaida a wurin shugabannin kara, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun 'yar shararsa.

A tasha ne abin ya ɓaci. Direban ya ce dubu sittin.

"Dubu sittin? Sa zan ɗora ko amarya?"

"Baba, je ka gidan mai ka tambayo, ka dawo mu yi magana."

Tahir ya ja ni gefe. "In na ba shi wannan kuɗi, sai mun koma gida gida muna neman ƙari. Akwai matar da kazarta ta sayar ta shiga watandar nan. Ubana da ƙafa yake koro shanu daga nan. In muka yanke ta cikin gonaki, kafin la'asar muna gida."

Na ce masa hanyar daji ba kamar da ba ce, ana ta maganar masu satar shanu.

"Da rana tsaka? Ga takarda a aljihu? Kai dai ka ce ƙafarka kake ji."

Abin da ya kai mu rafin nan ke nan. Abin da ba mu sani ba, kwana uku kafin ranar, 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke hayin rafin, sun kore shanun huɗa kaf, sun harbe wani saurayi da ya bi su. Tun ranar mazan garin ba su ajiye makami ba.

Suka kewaye mu. Sun fi talatin. Wani dattijo dogo mai jajayen idanu ya matso.

"Ina sauran? Ina kuka kai sauran shanun?"

"Assalamu alaikum, Baba," in ji Tahir. "Ni mahauci ne. Yau na sayi san nan a kara. Bari in nuna maka takarda."

Ya saki igiya, ya kai hannu aljihu. Da ya ɗaga hannun, rigarsa ta yaye, wuƙar fawarsa da ba ya rabuwa da ita ta bayyana a ƙugu.

"Wuƙa! Zai zaro wuƙa!"

Gorar farko a gwiwar hannu ta same shi, na ji ƙarar ƙashin kamar an karya kara. Ta biyu a ƙeya. Bai faɗi ba. Ya juyo yana cewa, "Ku tsaya, ku tsaya mana," sai wani ya kawo masa sara da barandami a kafaɗa, jini ya yi tsartuwa har kan farar fatar bijimin. Bijimin ya yi kuka, ya fizge, igiyar ta yanke mini tafin hannu ta wuce. Na buɗe baki zan yi magana, wani abu ya sauka a goshina. Na tsinci kaina a ƙasa, yashi cike da bakina.

Daga nan ƙafafu kawai nake gani. Suna tashi suna sauka a kan Tahir. Ya dunƙule, ya rufe kansa da hannun da bai karye ba. Ana dukansa a haƙarƙari, a baya, a ciki. Wani ya ɗauko dutse da hannu biyu. Ni ma ana shurina, amma ba kamar shi ba, don a jikinsa aka ga wuƙa. Ina ta ihu, "Mahauci ne! Maƙwabcina ne!" Ko ni ban ji muryata ba.

"A kawo fetur!" wani ya ce. "Kai, zuƙo mana a babur ɗinka!"

"In zuƙo me? Ka san nawa na sayi litar nan? Ku tara kara!"

Har yau in na tuna, sai in rasa abin da zan ce. Tsadar da ta jefa mu cikin dajin nan, ita ta hana a ƙone mu nan take. Suka shiga karya karan dawa suna tulawa a kansa. Ɗanye ne, ya ƙi kamawa. Suna cikin neman busasshe, wata mata ta keto taron da tulu a ka. Ta leƙa, ta saki tulun ya fashe.

"Wayyo Allah! Tahir ne! Tahir mahauci ne na garinmu!"

Barira ce, 'yar ƙauyenmu da aka aurar a can shekarun baya. Ta watsar da karan, ta faɗa a kansa, ta baje hannuwa.

"Shi ya feɗe ragon sunan ɗana! Duk wanda zai ƙara dukansa sai dai ya fara da ni!"

Wata gora da ta riga ta taso ta sauka a bayanta. Ba ta motsa ba. Sai hannuwa suka fara sanyi. Ita ta laluba aljihunsa ta zaro takardar, rabinta ya jiƙe da jini, ta miƙa wa wani mai ɗan karatu. Ya karanta da ƙarfi: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, farin bijimi mai baƙin kunne, kwanan watan ranar.

Na ga mutane suna sakin sanduna a hankali, kamar masu tsoron a ji ƙarar faɗuwarsu. Na baya suka fara sulalewa cikin dawa. Dogon dattijon nan ya tsaya yana kallon hannuwansa.

Babu mota a ƙauyen. Akwai amalanke, amma babu shanun da za su ja. A kurar ruwa aka ɗora Tahir, aka cire jarkoki aka shimfiɗa buhu. Ni da mijin Barira muka tura shi har bakin kwalta, ƙafafunsa suna reto. A ƙaramin asibitin da muka kai shi aka ɗinke kafaɗar, aka ɗaure hannun. Ma'aikacin ya kira ni waje ya ce jini yana zuba a ciki, sai dai Kano, kuma ko an tafi bai ba da tabbaci ba.

Na koma na gaya wa Tahir zan nemo shatar mota.

"Nawa?" ya ce. Leɓɓansa sun kumbura, da ƙyar maganar take fita.

"Bar wannan. Ko gonata ce zan jinginar."

"Levi. Shekara nawa ina buɗe ciki? Na san abin da ya fashe a nan." Ya ɗora hannu a gefen cikinsa. "Kai ni gida. Ina san?"

Na ce ban sani ba.

"Naman mutane ne," ya ce, ya rufe ido.

Washegari da hantsi, wasu mutum biyu daga ƙauyen can suka kawo bijimin. Sun wanke masa jinin. Suka ɗaure shi a gindin darbejiyar ƙofar gidan Tahir, suka juya ba su yarda sun haɗa ido da kowa ba. Kafin su yi nisa samarinmu sun fito da adduna. Wani yana cewa a bi su, wani yana cewa a je a cinna wa rumbunansu wuta. Hayaniyar ta kai har ɗakin da Tahir yake kwance, Maijidda tana yi masa fifita.

"Me ake yi?" ya tambaye ni.

Na gaya masa.

"Ka ce na ce masu adda su zo su yi fiɗa. Aiki ya same su." Ya numfasa. "A kira Liman ya yanka. Kashi arba'in da biyu. Hanta da tumbi a yayyanka ƙanana, kowane kashi ya samu. Kada a ba wani ƙashi zalla."

"Malam, ka bar maganar nama," in ji Maijidda tana kuka. "Dubi yadda suka mai da kai."

"To maganar me zan yi? Ita na iya."

Na fita na faɗa musu. Suka yi cirko-cirko, sannan ɗaya ya jingine addarsa ya je ya kama igiya. Aka kayar da bijimin a bayan danga. Tahir ya sa aka ɗage labulen ƙofa don ya riƙa jin saran gatari. Can ya ce, "Wannan mai saran bai iya ba, yana farfasa ƙashi." Na yi dariya, hawaye yana zubo mini. Ya nemi ruwa, Maijidda ta ɗiga masa da cokali. Ya yi kalmar shahada sau biyu, ta biyun ba ta fito sosai ba. Ana kiran azahar ya cika.

A waje an gama kasa naman a kan ganyen da aka shimfiɗa, tsibi arba'in da biyu. Da kukan Maijidda ya tashi, babu wanda ya miƙa hannu ya ɗauki nasa. Bayan an dawo daga maƙabarta, Dorathy da matan unguwa suka kwashe shi duka suka zuba a manyan tukwane. Shi aka ciyar da masu zuwa gaisuwa. Ni ban iya kai ko yanka ɗaya bakina ba.

'Yan sanda sun zo sun rubuta maganata, sun tafi da mutum huɗu daga ƙauyen can. An ce sauran sun gudu.

Ran sadakar uku, muna zaune a tabarmi a ƙofar gida, sai ga dogon dattijon nan yana turo keke, da damin gero ɗaure a baya. Ni kaɗai na gane shi, ɗinkin goshina ya shiga zafi. Ya jingine keken, ya sauke damin, ya cire takalma tun daga nesa. Bai hau tabarma ba, a ƙasa ya durƙusa.

"Sunana Sama'ilu," ya ce. "Ɗana aka harbe ran Talata. Ni na fara cewa ga ɓarayi."

Wani saurayi ya yunƙura zai tashi, Liman ya dafe masa gwiwa. Dattijon ya ci gaba da durƙuso a rana, kansa a sunkuye.

Ashe Maijidda ta ji daga zaure. Jim kaɗan Dorathy ta fito da kwanon sha, ta ce mai takaba ta ce a ba baƙo ruwa, ya sha hanya. Ta ajiye a gabansa ta koma.

Ya ɗauki kwanon da hannu biyu. Ruwan yana zuba ta gefe, yana ɗiga a kan ƙasar da ke tsakanin gwiwoyinsa. Ya daɗe riƙe da shi a haka, bai sha ba, bai kuma ajiye ba.