Inuwar da Ba a Nuna Ba

Mansur malamin lissafi ne a Tawa, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya barin gardama ta kwana. Ran Lahadi yayarsa Zahara ta zo cin kasuwa daga Barmou, ta biyo gidansa ta huce rana. Mijinta Souleyman ya tafi Abijan neman kuɗi, damina biyu ke nan wayarsa ba ta shiga.

Ta tarar da shi yana kallon fim a waya, ta zauna gefen tabarma yana fassara mata. Labarin wani mutum ne da na'ura ta kulle cikin mafarki, yana neman hanyar gida. A fim ɗin, mutumin mafarki ba ya da inuwa. A ƙarshe ya iso ƙofar gidansa, matarsa ta fito, hoto ya fara sauka ƙasa wajen ƙafafunsa, sai aka yanke.

"To, ya iso gida ko bai iso ba?" in ji Zahara.

Abin nema ya samu. Mansur ya gyara zama kamar yana gaban allo. Ya nuna mata rigar mutumin ba ta tsufa ba, matar ma ba ta canja ba.

"Mafarki na, Yaya. Wanda duk anka nuna ya komo yadda ya tahi, bai komo ba. Wataƙila ma ya mutu."

Zahara ta shiga murza bakin mayafinta.

"Shekaranjiya na yi mafarki," ta ce. "Souleyman ya shigo gida da rigar da ya tahi da ita. Ban hwaɗa ma kowa ba. Kai ni aje ma shi, don kai a mai ilimi."

Nan take Mansur ya tuna. Tun suna yara mahaifiyarsu ta hore su cewa mafarki yana bin fassarar farko, shi ya sa ba a ba da shi sai ga mai ƙaunarka, wanda zai ce alheri ne. Shi bai yarda da wannan ba. Amma Zahara ta yarda, kuma ya sani. Kunya ta rufe shi, ya ji haushin bakinsa.

"Fim nike nuhi, Yaya. Naki alheri na, in sha Allahu." Ya mayar da fim ɗin baya. "Duba nan, kamar ga inuwa ta hwara hitowa."

Ta duba don kada ta ba shi kunya. Babu komai sai baƙin gilashi. Ta miƙe ta ɗauki kwandonta, ta ce motar Barmou ba ta jira.

"Yaya, na ce alheri na."

"Na ji, Mansur," ta ce a hankali. "Amma na hwarin ma na ji shi."