Dogon Tebur a Ofishin Alhaji Sha'aban

Batulu tana tsaye a tashar bas ta Stockport Road, ledar nama a hannu, ruwan Manchester na yi mata yayyafin nan nasa marar ƙarewa, sai ga wayar Alhaji Sha'aban. Abokin mahaifinta ne tun suna jami'a a Salford, yanzu kuma yana da kamfanin akantoci a Birmingham. Shi ne mutum na farko da ya ba ta aiki da sunanta, bayan ta gaji da kamfanin da ta daɗe tana zana wa ofisoshi, ita da wahala wani da sa hannu.

Aka gaisa. Ya tambayi babanta, ya tambayi ciwon ƙafar babarta, sannan ya yi gyaran murya.

"'Yata, teburin nan naki fa ba mai zama a kansa."

"Wanne, Baba?"

"Dogon nan na tsakiya. Kullum fayau yake kamar filin Idi ran da ba salla. Na yi magana da kafinta. In wata ya ƙare abin bai gyaru ba, za a mayar da bangwaye yadda suke a da."

Bas ta zo, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta tafi, Batulu ba ta ko motsa ba.

Ai dole abin ya tsaya mata a wuya. Tsohon ofishin ɗakuna ne 'yan ƙanana a jere, kowa ya shige ya ja ƙofa, sai mutum ya wuni bai ga fuskar maƙwabcinsa ba. Alhaji da bakinsa ya ce a rushe su, yana so ya riƙa ganin mutanensa. Ita kuwa ta zage ta yi aiki. Ta sa dogon tebur na katako a tsakiyar fili domin aikin haɗin gwiwa. Ta jera 'yan ɗakuna masu cin mutum ɗaya a jikin bango, ga wanda yake son shiru ko amsa waya. Kicin a can ƙarshe. Shi kuma Alhaji ta yi masa ɗakin gilashi a kan gaba, inda zai ɗaga kai ya ga kowa. Wannan ofis shi kaɗai ne abin da take da shi na nuna wa duniya. Har akwai masu son ba ta aiki da suka ce sai sun je sun gani da idonsu. In suka je suka tarar kafinta na kafa bango, to sai ta tattara ta koma zane a ƙarƙashin wani.

Amma abin da ya fi cin ta ma shi ne rashin sanin dalili. Me tebur ya yi wa mutane?

Washegari ta hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly ta Manchester zuwa New Street ta Birmingham. Ta shiga ofishin, ta gaida Alhaji, ta ce ta zo duba fitilu ne. Sai ta sami lungu kusa da tukunyar fure, ta buɗe kwamfuta don kawai a ce tana aiki, ta zuba ido.

Alhaji bai yi ƙarya ba. Tebur na nan shimfiɗe, kujeru a tsare, ko kofin shayi babu a kai. Amma da ta waiwaya wajen 'yan ɗakunan bango, sai da ta cire tabarau ta goge. Ɗakin da ta auna wa mutum ɗaya, ƙarti huɗu ne a ciki! Ɗaya a kan kujera, ɗaya ya ɗosana a gefen ɗan teburin, biyu a tsaye kafaɗa na gugar kafaɗa, gilashin ƙofa har ya yi gumi. Mitin suke yi, suna nuna kwamfuta guda da yatsu. Ga wuri mai cin mutum goma sha biyu a bayansu yana hamma.

"Ikon Allah," in ji Batulu a ranta. "Waɗannan lafiyarsu ƙalau kuwa?"

Ta tashi ta je ta zauna a teburin da kanta. Ta jijjiga kujera, ba ta ƙara. Ta ɗaga hannu ko iskar na'urar sanyaya ɗaki na dukan wuya, babu. Ta gwada soket, wuta na zuwa. Ta duba ko hasken taga na kashe ido, shi ma a'a. Da mutanen huɗun suka fito suna miƙe ƙafa, ta tare na gabansu, wani dogo mai gemu da aka ce mata Bara'u ne, shugaban sashen haraji.

"Malam Bara'u, teburin nan akwai abin da ya dame ku da shi?"

"Haba, ko kusa! Tebur ya yi kyau wallahi. Allah ya saka da alheri."

"To me ya sa kuke matsewa a can?"

"Ai wurin ma ya yi kyau," in ji shi, ya yi murmushi, ya wuce.

Ka ji Bahaushe. Ka tambaye shi abin da ke damunsa, ya bi ka da addu'a.

Da azahar ta yi, Alhaji ya ɗauki lemarsa ya fita masallaci. Ƙofar lifta ba ta gama rufewa ba Batulu ta ga abin mamaki. Bara'u ya fito daga kicin da robar shinkafa tana tururi, ya ja kujerar kan teburin, ya zauna, har da miƙe ƙafa. Sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Wata Baturiya ta kawo kwamfutarta, wani ya jawo allon rubutu. Kafin ka ce kwabo tebur ya cika, ana ci ana gardama kan wata sabuwar dokar haraji, Hausa da Turanci na hawa kan juna, Bara'u na buga cokali a kan roba yana cewa ba haka ba ne, a sake dubawa. Daidai abin da ta gani a ranta lokacin da take zanen ke nan. Daɗi ya kama ta har ta ji ƙwalla.

Sai lifta ta yi ƙara, Alhaji ya dawo yana kakkaɓe lema.

Bara'u ya rufe robarsa da loma a baki. Ya miƙe, ya rusuna, ido a ƙasa, ya ce sannu da dawowa da wata murya da ba ita ya gama gardama da ita ba. Ya bi ta bayan kujeru, ya zagaya ta wajen injin buga takardu don kada ya gifta gaban ɗakin gilashi, ya ɓace. Inda shugaba ya tashi kuwa mitin ya tashi. Kowa ya kwashi kayansa.

Da farko Batulu ta ɗauka tsoro ne. To amma tsoron me? Alhaji mutum ne da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Ga shi ma a gabanta wata babbar akanta mai suna Nanret, 'yar Filato, ta tare shi tana zolayarsa cewa lemarsa ta girmi kamfanin, shi kuma yana dariya. Baturiyar ma ta ɗaga masa hannu ba tare da ta tashi ba. Mutum ɗaya ne tak yake narkewa in Alhaji ya shigo.

Ta bi Nanret kicin.

"Anti, don Allah in tambaye ki. Malam Bara'u laifi ya yi wa Baba?"

Nanret ta ajiye kofi, ta dube ta sama da ƙasa, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ke! Ba a unguwar Longsight kika girma ba, cikin Hausawa? Ba ki je bikin Jannat ba?"

"Ban samu zuwa ba, aiki ya riƙe ni. Su Umma ne suka je."

"To ga angon nan kin gani. Mijin Jannat ne, 'yar Alhaji ta fari. Kin ɗauki mutum kin dasa shi ido cikin ido da surukinsa daga safe har yamma, kin ce ya ci, ya sha, ya ɗaga murya. Ni da ba Bahaushiya ba ma na san wannan."

Batulu ta dafe kai. Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi. Ita fa a gidansu, in mijin yayarta ya zo, ita ke ɗaukar tire ta kai masa wani ɗaki, don ko ruwa ba ya sha a gaban babansu. Tun tana ƙarama ta san wannan. Amma da ta zo tsara ofis, sai ta aika wa ma'aikata takardar tambayoyin da aka koya mata a jami'a: waya nawa kake amsawa, shiru kake so ko hayaniya, da wa ka fi aiki. Bara'u ya amsa duka tsaf. Ina zai buɗe baki ya gaya wa baƙuwar mace cewa yana jin nauyin mai gidan? Ai faɗin ma rashin kunya ne.

Yanzu saura babban aiki. Ta yaya yarinya za ta shiga ta gaya wa abokin ubanta cewa idonsa ne ya kori mutane? Ta tsaya a bakin ƙofar gilashin tana juya magana a baki, ta yi sallama, ta zauna a gefen kujera.

"Baba, na ga inda na yi kuskure. Kujerar shugaban sashe na sa tana kallon nan sosai. Ban yi la'akari da... da zumuncin da ke tsakani ba."

Alhaji ya cire tabarau ya ajiye.

"Kin zaci ban gani ba?" in ji shi. "Tun makon farko na gani. Na kira shi na ce, Bara'u, nan Ingila ne, nan ofis ne, ka saki jiki. Ya ce to. Washegari sai na hango shi ta taga yana cin abinci a mota, ruwa na zuba. Yaro mai tarbiyya, na rasa yadda zan yi da shi. Shi ya sa na ce a mayar da bango, kowa ya huta."

"Ba sai an mayar wa kowa ba, Baba." Ta nuna gilashin da hannu. "Tebur ɗaya za a juya, a rufe gilashin gefe ɗaya."

"Nawa ke nan."

"Naku ne."

Ya dubi fili ta cikin gilashi, inda ma'aikata ke kai da kawo. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Kin san me ya sa na ce a rushe ɗakunan? Tun da Hajiya ta rasu, yara kuma suka watse, in na koma gida ba abin da nake ji sai firji. In na zo nan kuma kowa ya rufe ƙofa. Na ce bari dai in riƙa ganin fuskoki kafin in yi ritaya."

Batulu ta sunkuyar da kai. Ta zo ne ta ceci teburinta, ba ta san abin da za ta roƙa a wurin dattijon nan ya kai haka ba. Tausayinsa ya kama ta, har ta buɗe baki za ta ce a bari, ta nemi wata dabara. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe.

"To kira Nanret ku kama. Ni bayana ba ya son ɗaukar kaya."

Suka juya teburin Alhaji ya fuskanci taga. Abin da ke wajen tagar ba wani abin kallo ba ne, bangon jan bulo ne da wurin ajiye motoci. Batulu ta ciro manyan takardun zane daga jakarta, ta manna su a jikin gilashin daga ƙugu zuwa sama da kai, a matsayin gwaji kafin a kawo abin rufewa na gaske. Sannan ta koma lungunta kusa da tukunyar fure.

An ɗan jima ba abin da ya faru. Can sai Bara'u ya leƙo daga ɗan ɗakinsa. Ya dubi farar takarda, ya dubi tebur, ya sake duban takarda. Ya koma ciki. Batulu ta ce shi ke nan, an gama da ita. Sai ga shi ya fito da kwamfuta a hammata, ya ja kujera a hankali kamar mai tsoron tada jariri, ya zauna. Ya yafito mutum biyu. Baturiyar ta taso da kanta. Aka fara da raɗa, murya na ɗagawa kaɗan-kaɗan, har gardamar ɗazu ta dawo daga inda aka yanke ta. Wani ya faɗi wata magana da Batulu ba ta ji ba, tebur ya ɗauki dariya gaba ɗaya.

Da la'asar ta haɗa kayanta, ta shiga yi wa Alhaji sallama don kada jirgi ya wuce ta. Ta same shi zaune ya ba ɗakin baya, fuskarsa ga jan bulo. Biro na hannunsa amma ba rubutu yake ba. Ya karkatar da kai gefe guda.

"Baba, zan koma."

"Allah ya kiyaye hanya. Ki gaida mutan gida. Kafinta kuma zan kira shi in ce ya bari."

Ta yi godiya, ta kama ƙofa za ta ja.

"Bar ta a buɗe kaɗan," in ji shi, bai juyo ba.

Ta saki ƙofar. Daga can tebur wata murya mai kauri ta sake kecewa da dariya, irin ta mutumin da ya manta da kansa. Alhaji ya ɗaga yatsa.

"Wannan wa ke nan?"

"Malam Bara'u ne, Baba."

Ya ci gaba da saurare har dariyar ta lafa.

"Ashe haka yake dariya," ya ce. "Ban taɓa ji ba."