Rijiya a Cikin Gidan Balad

Hadarin ya taso daga wajen teku tun da hantsi, baƙi ƙirin, ya yi ƙasa-ƙasa kamar zai goga cikinsa a rufin gidajen Balad, tsohon garin Jidda. Abdulmajid ya gan shi. Ya sa kafaɗa ya tura ƙofar, ya kauce don matarsa ta shiga.

Yau ne Mastura ta fara yarda ta zo ganin gidan.

Gidan kakansa ne. Hawa huɗu, ginin dutsen teku, irin mai ramuka kamar soso. Wani attajiri ne ya gina shi tun zamanin da raƙuma ke kai alhazai Makka, kuma har yau 'yan unguwa fada suke ce masa, ko da yake tantabaru da kyanwoyi sun fi kowa daɗewa a kan mulki. Kakan ya saye shi lokacin da masu hali suka ƙaura arewacin gari, ya riƙa saukar da alhazan Kano da na Damagaram. Da ya rasu aka garƙame. Sai da katafilar rusau ta bi ta kan unguwar Nuzla, gidan da aka haifi Abdulmajid ya koma fili, sannan ya tuna akwai wani makulli a akwatin babansa.

Tun daga nan suke raɓe a unguwar Safa, a gidan Hatim, ƙanin Mastura. Shi da ita da 'yarsu Layan a ɗaki guda, kayansu cikin kwalaye a baranda. Hatim bai taɓa cewa su tashi ba. Matarsa ma ba ta ce ba. Tana dai rufe firji da ƙarfi.

Da rana yana unguwar Khumra yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da yamma, da ranar Juma'a, yana nan. Ya kwashe kashin tantabaru buhu-buhu. Ya canza azarar da gara ta ci. Ya koyi kwaɓa farar ƙasa, don dutsen nan ba ya shiri da siminti. Tagogin katako masu sassaƙa da ke leƙawa kan lungu, ya goge su ɗaya-ɗaya har yatsunsa suka saɓule.

Abu ɗaya ne ya tsaya tsakaninsa da matarsa: rijiyar. A ƙarƙashin daɓen ɗakin ƙasa magabata sun gina wani babban rami na tara ruwan sama. Duk abin da ya zuba a rufi ta kafa guda yake bi, ya gangaro ta bututun yumɓu a cikin bango, ya faɗa can. Indararo ko ɗaya babu. A garin da ake sayen ruwa a salka, wa zai zubar da shi a titi?

Ita kuwa Mastura ruwa ya ci mata ƙani. Ra'id, a ambaliyar unguwar Guwaiza, tana budurwa. Tun daga ranar ba ta taka teku ko zuwa idon sawu, bokiti kuma ba ya kwana da ruwa a inda take. Ta ce ba za ta kai Layan gidan da ke da rijiya a cikinsa ba. Don haka ya zuba kankare a bakin ramin, ya shimfiɗa tayil a kai, ya hau rufi ya toshe kafar da siminti. Niyyarsa ya huda katanga ya fitar da indararo, amma ba a taɓa fuskar tsohon gida sai da izini, izinin kuma bai fito ba. Ya ce a ransa, Jidda ce. Sau nawa ake ruwa?

"Ina take?" Abin da ta fara tambaya ke nan daga bakin ɗakin.

"Nan." Ya taka wurin, ya yi tsalle a kai. "Kin ji? Ko giwa."

"Halas, ya isa, na gani. Daina tsalle."

Suka hau. A hawa na biyu ta daɗe. Ta shafa katakon taga, ta ɗaga wani ɗan murfi ta leƙa lungu, ta rufe, ta sake ɗagawa.

"Nan akwai iska," ta ce. "Gadon Layan zai shiga wancan lungun."

Ya yi murmushi. Wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinsa ya fara sassautawa. Sai wayoyinsu suka yi ƙara tare, saƙon gargaɗin ruwa. Kafin ya gama karantawa Hatim ya kira.

"Ranka ya daɗe, sarkin kango! Yaya fada? Tantabaru sun yi mubaya'a?"

"Me kake so?"

"An sallami 'yan makaranta. Na ɗauko gimbiya Layan, ga ta nan tana cinye mana biskit. Ka dawo mini da yayata kafin ƙarƙashin gada ya cika."

"Muna tafe."

"Yalla, yi sauri, ya shehi. Wannan gidan naka ko atishawa aka yi kusa da shi sai ya zauna."

Ruwan ya riga su. Ba yayyafi, ba sallama, ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin su kai ƙofa lungun ya zama rafi, jan ruwa yana tafe da kwalaye da takalma da kujerar wani mai shayi. Motarsu tana can bayan ƙofar gari ta Bab Makka. Mastura ta leƙa sau ɗaya, ta ja da baya ta dafe bango.

"Ba zan taka wannan ba."

"Ba wanda ya ce ki taka. Hau sama ki zauna. Ina zuwa."

Ya wuce ta a guje.

Rufin yana kewaye da katanga har kafaɗa, don matan gida su sha iska ba a gan su ba. Yau katangar ta mai da shi baho. Ruwa ya riga ya shanye masa idon sawu. Ya ɗauki bokitin kwaɓa ya shiga kwarfa, yana watsawa ta kan katanga. In ya zubar da ɗaya sama ta mayar masa da goma. Bai ankara ba ruwan ya kai ƙwauri.

Ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, da hannunsa ya jera shi: azara, tabarmar kaba, ƙasa, farar ƙasa. An yi su don nauyin mutane da katifunsu. Ba a yi su don tafki ba.

Ya dubi katangar. Gindinta dutse ne mai kaurin kamu guda, ya jiƙe sharkaf. In ya hau ta da guduma, ko ta ƙi huduwa, ko ta tafi gaba ɗaya ta faɗa kan duk wanda ya fake a lungu.

Ya sauko. Mastura tana tsaye a hawa na ƙarshe, ta ɗaga kai. Rufin yana ɗiga a wuri uku. Ɓawon farar ƙasa ya ɓalle ya faɗo tsakaninsu. Azarar tsakiya ta yi wata 'yar ƙara, irin ta tsohon gado.

"Abu Layan, ta ina ruwan yake fita?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nake."

"Ba ya fita."

"Kamar yaya ba ya fita?"

"Hanyarsa ɗaya ce. Ita na toshe."

"Ka ce za ka sa indararo."

"Izini bai fito ba."

"Ya Rabbi. Izini." Ta yi dariyar da ba dariya ba.

"Sai na buɗe," ya ce. "Sama da ƙasa."

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi."

"To?"

"In rufin nan ya zauna, da na ƙasansa zai tafi. Ba gida ke nan. Mu tabbata a barandar Hatim har Layan ta yi aure."

"Gara barandar."

Ya dube ta. Da gaske take, ya sani. In ya fasa, ƙila gidan ya tsaya ita ta ƙi shi. In bai fasa ba, ba abin da za ta ƙi ko ta so. Azarar ta sake yin ƙara. Ya ɗauki guduma da guntun rodi mai kaifi ya gangara.

Tayil ɗin da ya kwana biyu yana daidaita shi, bugu ɗaya ya tarwatse. Kankaren ne ya yi gardama. Ya yi ta dukansa, gumi da ruwan sama suna shiga idonsa, har tsakiyar ta rufta. Wani sanyi mai warin daɗewa ya huro daga duhun.

Mastura tana kan matakala, ta riƙe gefen abayarta a baki.

"Me ya sa har nan? Ka buɗe na sama kawai mana."

"In iska ba ta sami mafita ba, ruwan ba zai sauka ba. Sai ya tsaya a bututu ya fasa bango." Ya share fuska. "Akwai wani abu. Ban san ko za ta ɗauke shi duka ba. Dole wani ya tsaya nan yana haskawa. In ya kusa baki ki kira ni, in toshe da buhu."

"Wani? Wa ke nan?"

"Ba kowa sai ke."

"Wallahi ba ka da imani."

Ya kunna mata fitilar wayarta, ya ajiye a matakala kusa da ƙafarta, ya hau.

Ruwan rufi ya kusa gwiwa. Ya lalubi toshiyar da ɗan yatsan ƙafa, ya kafa rodin, ya buga. Kowane bugu sai ya ji rufin ya amsa a tafin ƙafarsa, sai ya dakata ya saurara, sannan ya ƙara. Gudumar ta zame ta sami babban yatsansa. Bai ji zafin ba sai daga baya. Yana buga yana tunanin tana ƙasan duk wannan, hawa huɗu na dutse a kanta, kuma shi ya ajiye ta a wurin.

Rodin ya nutse. Ramin ya yi kakari kamar mai shaƙewa, ya tofar da kumfa, sannan ruwan ya fara juyawa. Bangon gaba ɗaya ya ɗauki ruri.

Ya durƙusa a gefen kafar yana kwashe gashin tantabara da leda don kada ta sake toshewa. Da ɗaya hannun ya kira ta. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira. In ya sauka kafar za ta toshe. In bai sauka ba, bai san ko ta faɗa ciki ba, ko ta fita lungu a gigice. Ya miƙe, ya koma ya durƙusa, ya sake kira.

Ta ɗauka. Rurin ruwa kawai yake ji, da numfashinta.

"Yana hawa," ta ce.

"Ina ya kai?"

"Ban sani ba. Akwai wani baƙin dutse da ya turo kai. Ya shanye shi."

"Saura nawa zuwa baki?"

"Tsayin mutum. Ko ya ɗan fi. Abdulmajid, kada ka kashe wayar."

Tun da suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Ba zan kashe ba."

Ya manna wayar a kunne da kafaɗa. Ruwan rufi ya sauka zuwa ƙwauri, zuwa idon sawu. Ita tana faɗa masa: ya kai wata tsaga, ya wuce tsagar, akwai wani ƙarfe, ya taɓa ƙarfen. Muryarta ta zama siririya. Wani lokaci ta daina magana sai salati. Ya jawo buhun yashi kusa, ya ɗora hannu a kai, yana duban sama yana duban kafar.

"Saura kamu ɗaya," ta ce. "Abdulmajid."

Ya ɗaga buhun. Ya riƙe shi a ƙirji, bai saka ba, don har yanzu akwai ruwa a rufin. Sai ya ji ɗigon da ke dukan bayansa ya yi sauƙi. Daga wajen teku sama ta fara haske.

Ya same ta a kwance rub da ciki, nesa da ramin gwargwadon yadda hannu zai kai, ta miƙa wayar a kan bakinsa. Abayarta ta jiƙe da fantsama. Ruwan yana nan kusa, baƙi, yana ɗan motsi. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya sannan ta saki wayar.

"Ya tsaya," ya ce.

"Na gani. Ni ce a nan."

Ta ja jiki ta koma matakala. Ya zauna a ƙasa da ita. Sun daɗe haka, bututun yana tsiyaya a cikin bango.

"Murfin ƙarfe," ta ce. "Ba siminti ba, tunda kai fasawa kake yi. Da kwaɗo. Ɗakin nan kuma ƙofar ƙarfe, makulli a hannuna."

"To."

"Ban ce na yarda ba. Faɗa maka nake."

"Na ji."

"Layan ba za ta san da ita ba."

"Za ta ji ƙararta in an yi ruwa."

Ta dube shi ta wutsiyar ido. "Kai dai ko inda ake neman ƙarya ba ka iya ta ba."

Wayarsa ta yi ƙara, Hatim ne. Ya miƙa mata, ya tashi ya hau hawa na ƙarshe. Ɗigar ta ragu. Azarar tsakiya ta yi ciki, kaɗan, amma da safe ba haka take ba. Ya jawo gungumen da ya rage daga aiki ya tokare ta, ya buga masa ƙaramin katako a gindi, ya tsaya yana kallo.

"Lafiya?" ta kira daga ƙasa.

"Sai ta bushe za a sani."

"To sauko. Kada ka tsaya a ƙarƙashinta."