Ruwa a Gindin Kwalba

Baban Gareji ya zare tiyo daga tankin motar, ya tofar da abin da ya shiga bakinsa, sannan ya ɗaga kwalbar ya saita ta da hasken rana. Bai daɗe yana jira ba. Fetur ya taso sama, ruwa ya kwanta a gindi kaurin yatsa biyu, ga wata dauɗa mai launin tsatsa tana yawo a tsakaninsu.

"Injinki lafiyarsa ƙalau, Malama," ya ce da mai motar. "Ruwa aka sayar miki."

Matar ta dubi kwalbar, ta juya ta dubi mahaifinta da ke jingine a kujerar baya, bakinsa a ɗan buɗe. Asibiti za ta kai shi wankin ƙoda, kuma in lokacinsa ya wuce sai ya jira wani makon.

"A ina kika sha man?"

Ta nuna gidan man da ke tsallaken titi da haɓa. Dama ya san amsar. Mota ta uku ke nan tun safe, duk daga can.

Ya fita bakin hanya ya tsayar musu da tasi, ya kama tsohon suka sa shi a ciki. Jikin ba nauyi, sai ka ce an ɗauki tulin wanki. Ya ce mata ta bar makulli, kafin yamma zai sauke tankin ya wanke shi.

Ko da ya dawo, direban bas ɗin da ya riga ta zuwa yana tsaye yana waya. Fasinjojinsa sun watse tun tuni, sun bar shi da buhuna biyu da ba a san mai su ba.

"Na kira mutanenmu na tasha," in ji direban. "Motocinmu huɗu ne suka mutu a hanya. Yau sai manajan can ya sha abin da ya zuba mana."

"Ka ba ni rabin awa."

"Me ya haɗa ka da shi, Baba?"

Baban Gareji ya ɗauki tsumma ya goge hannu, ya rufe bakin kwalbar. A unguwar nan kaf ba wanda ya san manajan gidan man ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Shekara shida ke nan rabon da magana ta haɗa su. Innarsu ta rasu a gidan ƙanin nasa, Auta, da rana tsaka, ba kowa a gida. Matar Auta ta je makaranta ɗauko yara, shi kuma yana wurin aiki. A zaman makoki, gaban jama'a, Baban Gareji ya buɗe baki ya ce masa shi ya bar ta ta mutu ita kaɗai. Shi da ya faɗa kuwa, wata uku ya yi bai leƙa ta ba, kullum yana cewa sai ya gama da motar da ke gabansa. Auta ya tashi ya shige ciki. Bayan shekara biyu mai gidan man ya dawo da shi wannan reshe, daura da garejin, kowa ya ci gaba da harkarsa. Baban Gareji kan ci abincinsa a kan benci, ya kwana a ɗakin da ke bayan gareji, tsakanin tsofaffin batura da rediyon da ya daina kama tasha sai ɗaya. Matarsa ta riga Inna tafiya, kuma Allah bai ba su haihuwa ba.

Titin layi huɗu ne, da shingen kankare a tsakiya. Ya tsaya kan shingen yana jiran manyan motoci su wuce, kwalbar a rungume a ƙirji. Layin motoci a gidan man ya kai bakin ƙofa, masu zuba mai suna ta aikinsu.

Ofishin ɗan ƙarami ne, gilashi ta gaba, fanka tana juyi a kan kabad. Auta na zaune yana rubutu. Daga nesa bai canja ba, amma a nan kusa furfura ta cinye masa gefen kai, ya sa tabarau, wuyansa ya rame a cikin kwalar riga.

Ya ɗago. Alƙalamin ya tsaya.

"Yaya."

"Auta. Ina kwana."

"Lafiya lau. Ga kujera."

Bai zauna ba, don kayansa duk baƙin mai ne. Ya ajiye kwalbar a kan tebur.

"Daga famfonku na biyu. Mota uku a wurina, huɗu a hanya. Direbobin tasha suna tafe."

Auta ya daɗe yana kallon kwalbar bai taɓa ta ba.

"Shekara huɗu ina nan. Sai yau ka gane hanyar tsallakowa, shi ma da laifina a hannu."

"Ban ce laifinka ba ne."

"Wannan karon."

Fankar ta juyo ta ɗaga takardun kan tebur, ta sake su. Baban Gareji ya ji maganar ta zauna masa a ƙirji. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Akwai wani tsoho da ya kusa rasa wankin ƙoda. Ɗauko sandar awo mu duba."

Suka zagaya baya, inda murafen tankunan ƙarƙashin ƙasa suke. Ruwan saman kwana uku ya taru a ramin murfi na biyu har ya shafe shi. Baban Gareji ya durƙusa, ya kwashe ruwan da gwangwani, ya shafa bakin murfin da yatsa. Robar da ke toshe shi ta tsattsage, tana marmashewa a hannu. Auta ya shafa wa ƙasan sandar man gwaji, wanda kan koma ja in ya taɓa ruwa, ya zura ta har ta dunguri ƙasa. Da ya zaro ta, jan ya haura fiye da taƙi ɗaya.

"Sau biyu ina rubuta wa mai gida a kan robar nan," Auta ya ce a hankali. "Ya ce bayan damina."

Ya ciro waya ya ɗan matsa gefe. Baban Gareji yana jiyo muryar mai gidan man tana fita da ƙarfi: ruwa ai a ƙasa yake kwanciya, a ci gaba da sayarwa, in an rage sai a kira masu zuƙewa, kada a kuskura a rufe da rana tsaka a tara masa jama'a. Auta yana ta cewa to, ranka ya daɗe, to. Da ya kashe wayar ya tsaya yana kallon layin motocin. Sai ya wuce ɗakin wuta ya sauke makunnin famfunan gaba ɗaya.

Daidai lokacin direbobin suka iso, su wajen goma, wani da ƙarfen taya a hannu. Auta ya fito ya tsaya a gabansu da sandar awon, ya nuna musu jan. Ya ce ruwan sama ne ya shiga, ya rufe famfo, duk wanda ya sha mai tun safe ya kawo motarsa a zuƙe masa a wanke tanki. Wani ya cakumi kwalarsa. Baban Gareji bai san lokacin da ya shiga tsakaninsu ba.

"Sake shi. Ƙanina ne."

Direban bas ya dube shi, ya dubi manajan. "Baba, ashe shi ya sa. To ai ga hancin nan iri ɗaya." Wani ya yi dariya, hannun ya saki kwalar.

Sauran yinin a ƙarƙashin motoci ya ƙare. Baban Gareji ya sauke tanki, ya ɗauraye, ya busa tiyo, ya goge filogi, ya koma kan ta gaba. Malama ta dawo da la'asar, ta ce an karɓi mahaifinta da ƙyar, saura kaɗan a ba wani gadon. Ta tayar da motarta ta tafi. Abincinsa na rana yana nan kan benci a rufe, ya huce.

Rana ta yi sanyi yana wanke hannu da omo a bokiti, sai ya ga inuwa a kansa. Auta ne, da kwali a hammata, kofin shayi da darduma suna leƙowa ta sama.

"Mai gida ya turo ɗan 'yar'uwarsa ya karɓi makullai," ya ce. "Wai na zubar masa da mutunci."

"Ni na ja maka."

"Robar ce ta ja min."

Baban Gareji ya janye kwanon abincin, ya kaɗe bencin da tsumma. Auta ya zauna a ƙarshensa, kwalin a cinya. Suna kallon gidan man, an zagaye famfunan da igiya. Yana so ya yi maganar Inna. Ya jera kalmomin a ransa kamar yadda ya sha jera su a ɗaki shi kaɗai, amma da ya buɗe baki sai ya tambayi yara.

"Babbar ta gama sakandare. Ƙaramin ba ya tuna ka."

"Haka ne."

"Zan koma wajen surukina, yana da shagon kayan gini a ɗaya gefen gari. Ba zan riƙa biyowa ta nan ba." Ya gyara tabarau. "Kuma ba ni da lambarka, Yaya. Na canja waya."

Baban Gareji ma ba shi da tasa. Ya yagi gefen kwalin filogi, Auta ya rubuta masa da alƙalamin ofis. Bas ta tsaya, ya shiga, ya sami wuri ta tagar ɗaya gefen, inda ba a ganinsa.

Baban Gareji ya zauna da guntun kwalin a hannu. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu sosai, sai da ya danna lambar sau biyu kafin ta yi daidai. Ta yi ƙara uku.

"Ni ne," ya ce. "Ina gwadawa ne in ga ko ta shiga."

"Ta shiga, Yaya."

Yana jin ƙugin injin bas ta cikin wayar, da muryar kwandasta yana kiran sunan tasha ta gaba. Ya jira Auta ya kashe. Auta bai kashe ba, shi ma ya ci gaba da riƙe wayar a kunne.