Wa Ya Auna Duniyoyin?

Mashkura ta daɗe a jami'a tana auna nauyin wasu duniyoyi masu zagaya wani matashin tauraro, har ta gano zafinsa na kwashe musu iska. Da binciken ya fito, sunan malaminta Bilyaminu, ɗan kawunta, kaɗai ke kai.

Sun haɗu wajen suna a Wurno. Ya gaishe ta, ta kau da kai.

"Mi yay yi zahi?" in ji kakarsu Inno.

"Inno, tambaye shi wa ya auna duniyoyin."

Bilyaminu ya murtuke fuska. "In kinka kai ƙara ga hukumar jami'a, ki manta da digiri."

"Ai na riga na kai, Yaya."

Ta yafa gyalenta ta fice, ko tuwon sunan ba ta taɓa ba.