Ashirin da Uku Cikin Arba'in

Ranar Juma'ar da mujallar wasannin bidiyo ta fito, aka ba matata maki ashirin da uku cikin arba'in. Shizue ba ta ji zafin abin ba, don tun cikin hunturu tokarta take cikin tulu a maƙabartar Yanaka. Ni aka bari da karatun.

Tsofaffin littattafai nake sayarwa a Kanda. Na saba da sharhin mutanen da kan yi shekaru suna juya littafi guda kafin su rubuta shafi biyu a kansa, su kuma nemi afuwa don sun yi gaggawa. Saboda haka na san darajar abin da ke hannuna: alƙalai huɗu, kowanne da sunan bogi da zanen fuskarsa yana gwalo, kowanne da layi biyar da maki daga ɗaya zuwa goma. A wurinsu bakwai zagi ne cikin ladabi. Shida kuwa, sai a fara kiran 'yan uwa. Wasan nata, Ƙwan Hazo na Biyu, ya samu shida, shida, shida, da biyar.

Shizue ce ta zana dodannin wasan farko, wanda yara suka riƙa dannawa a 'yar na'urar hannu cikin jirgin ƙasa har suna wuce tasharsu. Ba wanda ya tambaya wa ya zana su. A na biyu ta ƙara sababbi arba'in, na ƙarshe-ƙarshen a kan gadon asibiti. Sai da abin ya lalace duniya ta tuna akwai mai zane.

Mai ba da biyar ɗin yana kiran kansa Kyaftin Barkono. Ga hukuncinsa: "Sababbin dodannin ba sa girma. Ka yi faɗa da su, ka ciyar da su, suna nan jiya i yau. Akwai wani tsuntsu, Gunaguni, na ja shi daga farkon wasa har ƙarshe, ba abin da ya iya sai harara. Hannun da ya zana na farko ya gaji."

Ya gaji kam. A nan Kyaftin ya faɗi gaskiyar da bai san girmanta ba.

Bayan kwanaki shugaban kamfanin, Tsukamoto, ya zo gida da kwalin alewar wake. Ya durƙusa gaban hoton Shizue, ya kunna turare, ya haɗa hannu, ya ba ta rahoton makin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi wa mamaci idan aikinsa ya fito. Da ya gama da ita ya juyo kaina.

"Malam Narahashi, za mu fitar da gyararren bugu kafin sabuwar shekara."

"Madalla. Me za a gyara?"

"Dodanni arba'in ɗin nan. Za a ba su hutu."

"Hutu. Irin wanda ta samu?"

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Mutumin nan ya iya sunkuyawa. Da sunkuyawa ake ba maki, da ya cinye arba'in.

Na ce, "Kai ka san suna girma. Ni da ban taɓa riƙe na'urar nan ba na sani. Shekara biyu ina cin shinkafa da wannan maganar. Ba da faɗa suke girma ba. Sai ka jona waya da na'urar wani, ka ba shi dodon, ya kwana a wurinsa, ya dawo maka da shi. Ta hana a rubuta haka a takardar bayani don yara su gano da kansu."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To me ya hana alƙalan ganowa?"

"Dokar mujallar ce. Kowa da kaset ɗinsa, kowa a gidansa. An hana su magana da juna har sai sun miƙa maki, don kada ra'ayin wani ya shafi na wani."

Mutum huɗu, ɗaki huɗu, kowanne rungume da dodonsa yana jira ya girma, kamar kaza a kan dutse. Kuma da wannan tsari suke alfahari.

"Sai ka gaya musu," in ji ni.

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a tsakiyar Shinjuku. "Ba a gaya wa mai maki ya yi kuskure. Muna da wasa na uku a hanya, su ɗin ne za su duba shi. Amma da a ce mujallar da kanta za ta sa layi ɗaya na gyara, da na samu abin nuna wa masu hannun jari. Da ba a taɓa dodo ko ɗaya ba."

Wato dai rai arba'in na rataye a layi ɗaya, kuma mai kamfani ba zai roƙa ba. Mijin marigayiya ba shi da wasa na uku.

Hujja nake bukata, hujja kuma sai da mutum biyu. Na ɗauki na'urorin Shizue guda biyu da wayarsu na tafi Koenji wurin yayarta Tatsuko, wadda ba ta taɓa yafe mini auren ƙanwarta ba.

"Genzo, kai da abin wasan yara? Littattafan sun ƙare?"

"Yaya, riƙe nan kawai. Ba sai kin yi magana ba."

"A gidana?"

Muka yi ta fama, gilashi a kan hanci, yatsu sun ƙi maɓalli. Na sha yini kafin na kama Gunaguni a wani fadama. Wani dogon zalɓe ne mai launin toka, wuya a lanƙwashe, baki a karkace, ido ɗaya a runtse kamar an kawo masa shayi mai sanyi. Na nuna mata. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta sake kallon allon, sai ta ajiye na'urar ta riƙe ciki don dariya.

"Mene ne?"

"Ba ka gan shi ba? Kai ne."

"Tsuntsu ne."

"Kai ne, har da wuyan. Haka ka tsaya ranar ɗaurin aurenka, kamar wanda aka kawo gyaran famfo."

Na tura mata shi ta waya. Ya kwana a Koenji, ni na kwana a gida. Da na koma washegari ta ce ta duba shi sau biyu ko yana bukatar wani abu, bai ko gode ba, wanda ya ƙara tabbatar mata. Ta dawo mini da shi. Allon ya yi fari, aka yi ɗan kiɗa.

Na zaci zai fito da fukafukan wuta, irin abin da yara ke so. Bai fito da komai ba. Zalɓen nan ne dai, da hararsa, da wuyansa. Sai laima da ya riƙe, ya karkata ta can gefen hagu, ƙasa-ƙasa, a kan wurin da babu kowa. Ruwa na ɗiga a kafaɗarsa ta dama.

Tatsuko ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Ba abin da ke kan wuta.

Kyaftin Barkono sunansa na gaskiya Isogai. Ya yarda mu haɗu a wani shagon kofi kusa da ofishinsu. Na yi tsammanin azzalumi, sai ga wani siririn mutum mai kumburarrun idanu, da jaka cike da kaset-kaset ɗin mako mai zuwa. Ya miƙo katinsa da hannu biyu. Ya yi mini ta'aziyya doguwa, mai kyau ƙwarai, wadda ta fi sharhinsa tsari.

"Baba, ni da wasan farko na girma a aikin nan. Shi ya sa na biyun ya ba ni haushi."

"Ya ba ka haushi har tsawon wane lokaci?"

"Daren Litinin da safiyar Talata. Wannan makon wasa shida aka ba ni."

"Kai, ka yi ƙoƙari. Akwai waɗanda a wannan lokacin ko fim ba za su gama tsana ba."

Ya yi murmushi, ya ɗauka yabo ne. Na yi masa bayanin waya da kwana da dawowa. Ya saurara da gaske, har ya dafe goshi.

"Kash. Dabara ce mai kyau. Da an rubuta a takardar bayani."

"Da an rubuta, da ba dabara ba ce. Layi ɗaya nake so a mujallarku."

"Baba, maki in ya fita ya fita. Tun da aka kafa mujallar ba a taɓa taɓa shi ba. In muka gyara ɗaya, gobe kowane kamfani zai turo mana nasa tsohon." Ya ji abin da ya faɗa, kunnuwansa suka yi ja. "Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi. Shi ne jimla mafi kyau da ka yi a wannan shekarar."

Na kunna na'urar na tura masa. Ya karɓa, ya matso da ita kusa da fuska, ya duba da idon gwani.

"Oho, ya samu laima. To, ba laifi. Amma ka ga ba ta daidaita ba, ta zame hagu, har ruwa na dukansa. Irin wannan ake samu in aka yi aiki cikin gaggawa. Da na gani ma, da wataƙila shida zan bayar."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙe, ya sunkuya, ya rigaye ni ɗaukar takardar kuɗin kofi, ya sake sunkuyawa a bakin ƙofa, ya bi taron mutane da jakarsa a kafaɗa.

Gyararren bugun ya fito kafin sabuwar shekara, ba zalɓe, ba sauran talatin da tara. An maye gurbinsu da dodanni masu tsoka da ke girma duk bayan faɗa uku. Ya samu talatin da huɗu. Kyaftin Barkono ya ba shi tara, ya ce kamfanin ya saurari masu sharhi.

Na iya magana, kowa a Kanda zai gaya maka, yawanci da ɓacin rai. Amma a shagon kofin nan na zauna da baki a buɗe har ƙofa ta rufe. Abin da zan ce masa bai kai layinsa biyar ba: laimar ba zamewa ta yi ba, yaro. Shizue gajera ce, kuma a hagu take tafiya.