Tsagar Inna Dijatu

Yayana Mu'az ma'aikacin jinya ne, amma tun da ya sayi tsohuwar kyamara a hannun wani abokinsa na Minanata muka rasa sakat a gidanmu na Runjin Sambo. Ya ɗauki hoton akuya, ya ɗauki na tulu, har ƙadangaren bayan gida bai tsira ba. Kuma ba ya taɓa komai sai ya tambayi guruf ɗinsu na waya, na masu sha'awar hoto, inda wani Abdulshakur yake yanke hukunci kamar alƙali: wane gilashin kyamara za a saya, wace manhaja ce ta gyara. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma na tsane shi.

Mutum ɗaya ce ta gagari Mu'az, kakarmu Inna Dijatu. Bagobira ce, tsagarta ta taso daga bakinta har kusa da kunne, kuma a rayuwarta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Sai wata Juma'a, tana tsintar shinkafa a tsakar gida, ta ɗago ta ce, "To ɗan nema, ɗauka guda ka bar ni in huta." Guda ɗin ya ɗauka.

Ya tura wa guruf yana rawar jiki. Abdulshakur ya ce hasken ya yi, sai dai fuskar ta cika kaushi, ya ba shi sunan wata manhaja mai gyara fata da kanta. Ya ƙara da cewa ƙwararru ba sa tara shara, in an gyara sai a goge na asali daga memorin kyamara. Mu'az ya bi, har da godiya.

Na leƙa kwamfutarsa na ce, "Yaya, ina tsagar Inna?"

"Ke Zakiyya, mi kis sani ga hoto? Hakan ga aka yi yanzu."

Bayan Sallah Inna ta rasu. Mu'az ya wanko hoton babba, ya sa shi a firam, ya kawo wa ƙanenta Baba Lawwali da ya zo daga Sabon Birni karɓar gaisuwa. Tsohon ya riƙe, ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Kallabin nata ne, faifan shinkafar ma nata ne. Fuskar kuwa sumul take, ta wata mata mai haske wadda ba mu taɓa gani ba.

"Wagga wa ta?" in ji shi.

"Inna ta, Baba."

"A'a, ɗana. Dijatu ɗiyar Gobir ta." Ya miƙo masa abinsa a hankali.

Mu'az ya koma guruf yana neman yadda zai dawo da na asali, don wanda ya tura musu ma ya daɗe da ɓacewa. Abdulshakur ya ce ai laifinsa ne da bai ajiye kwafi ba, sannan ya ba shi sunan wata manhajar da zai zana tsagar da hannu.

Jiya Mu'az ya kira ni ɗakinsa, idonsa ja, hoton a buɗe a gabansa.

"Zakiyya, ke ag kusa da ita. Layi nawa na ga kuncin dama?"

Tun ina yarinya nake bin tsagar nan da yatsa in na kwanta a cinyarta. Na buɗe baki in ba shi amsa da duk haushin da na tara. Na rufe ido na nemi fuskarta, sai ga matar nan mai sumul tana kallona.